Salsala a Gadon Bayan Malam Shitu

Ranar Talatar da aka yi wa Malam Shitu jika, ni na fara jin shirin da ya ƙulla. Ba don na fi kowa daraja a wurinsa ba, sai don katangarmu ɗaya a Malumfashi, kuma ni kaɗai ke da babur mai lafiya a layinmu.

"Awaisu," ya ce da ni, "yaron nan ba za a sa masa sunan da ake tsinta a tasha ba. Sunan kakanmu na farko za a mayar, wanda ya kafa gidanmu."

Na ce, "Madalla. Yaya sunansa?"

"Shi za mu je nema."

Malam Shitu tsohon malamin gona ne. Tun da ya yi ritaya ya rungumi abubuwa uku: karatun littattafan tarihi, ɗinkin hula, da bin salsala. Littafi in ya kai shafi na goma sai ya rufe ya fara gyara wa marubucin kuskure. Hula kuwa guda ɗaya ce, shekara huɗu yana kanta. Salsala ce ta fi cin lokacinsa, don ranar saukar karatun 'yarsa ma yana wani ƙauye yana tambayar tsofaffi wa ya haifi wa. Duk da haka iliminsa bai wuce sunan ubansa da na kakansa Ummaru ba. Daga nan sai duhu.

Abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya shi ne surukin ɗansa, Alhaji Mahadi, wani dillalin masara a Funtua, wanda ke iya jero kakanninsa tara a numfashi guda, kuma duk malamai. Ranar ɗaurin auren ɗan, Zaharaddeen, da Suwaiba 'yar Alhajin, a gaban jama'a ya tambayi Malam Shitu, "Ku asali 'yan ina ne?" Malam Shitu ya buɗe baki ya ce, "'Yan nan ne." Shekara biyu ke nan amsar nan tana masa zafi. Yanzu ga jika namiji, kuma Alhaji Mahadi ya fara aiko da saƙo a fakaice cewa bai taɓa samun takwara ba. Zaharaddeen, da ya ga an sa shi tsakiya, sai ya yanke: Baba ne zai zaɓi suna, amma in Talata ta zagayo bai kawo ba, Mahadi za a sa.

"Kwana bakwai?" in ji Malam Shitu. "Ni da na haddace sarakunan ƙasashe huɗu? Zuba mai a babur."

Ran Laraba muka nufi Musawa wurin Gwaggo Adawiyya, ƙanwar mahaifinsa, wadda ta haura tamanin. Muka same ta tana ɓarar gyaɗa a inuwa. Bayan gaisuwa ya zaro littafin rubutu da biro biyu.

"Gwaggo, yaya sunan kakanku, wanda ya haifi Baba Ummaru?"

Ta ja mayafi ta rufe baki. "Kai Shitu, haka ake kama sunan manya gatsau, kamar kana kiran akuya?"

"Bincike ne, Gwaggo. Mi kuke ce masa?"

"Tsoho."

"Sunansa na yanka nake so."

"Wa ya aike ni in tambaya? Mu a zamaninmu ko an faɗi a gabanka toshe kunne kake."

"To shi Tsohon, ubansa fa?"

"Ban riske shi ba. Amma an ce shi ma da ya tsufa Tsoho aka riƙa ce mishi."

Malam Shitu ya rubuta shafi uku. Da muka fito ya ce mini an samu ci gaba ƙwarai, don yanzu ya tabbata gidansu gidan masu tsawon rai ne.

Ran Alhamis muka je wurin Sarkin Aska, tsohon wanzamin da gidansu ke yi wa zuriyar Malam Shitu aski da kaciya tun kaka da kakanni. Shi bai ɓata mana lokaci ba.

"Kakanka Ummaru jakai yake korawa, yana kai auduga Funtua. Ubansa ma jakai. Mutanen kirki ne, ba a taɓa jin ƙullin auduga ya ɓata a hannunsu ba."

"Kafin jakan fa?"

"Kafin jakan a ka suke ɗauka."

Malam Shitu ya rufe littafi, ya dube ni da tausayi. "Tsufa ya taɓa shi. Ba ya tuna komai."

"Ina tunawa mana," in ji Sarkin Aska. "Ranar da muka yi maka kaciya ma ina tunawa. Har bakin kasuwa aka ji ka."

Muka tashi ba sallama.

Ran Juma'a da safe ya ce Maska za mu, wurin Cindo. Matar Malam Shitu, Hansai, tana zaune tana saƙa wa jariri hula da safa, ta ajiye kwarashi ta dube shi.

"Malam, Cindo fa taubashinka ne. Wa ke tambayar abokin wasa hanyar kasuwa, balle asalinsa?"

Gaskiyarta. Cindo ɗan Gwaggo Adawiyya ne, ɗan mace da ɗan namiji ke nan, kuma shekara sittin kowannensu na kiran ɗan'uwansa bawa. Abin da Cindo zai yi masa, ko alƙali ba ya saurara, wasa ne. Shi ne ya taɓa aiko masa cewa za a naɗa shi Sarkin Noma, Malam Shitu ya tafi da makaɗa, ya tarar ana shiƙar dawa.

"Wancan wasa ne, wannan ilimi ne," in ji Malam Shitu. "Cindo ya yi zama da tsofaffi. Kuma ni in mutum zai yi ƙarya, daga ƙiftawar idonsa nake kama shi."

Muka sami Cindo a bakin gonarsa ana ɗaure damman masara. Bai ce masa bawa ba, bai tambaye shi labarin sarauta ba. Tabarma ya shimfiɗa mana, ya kawo fura, ya saurari buƙata kansa a sunkuye. A nan na fara zargin akwai wata a ƙasa.

"Shitu," ya ce a hankali, "na daɗe ina jiran ranar da wani zai tambayi wannan magana. Sunansa Talha."

Biro ya faɗi daga hannun Malam Shitu. "Talha! Ai na ji a jikina. Daga gabas ya zo, ko?"

"Daga gabas."

"Da dawaki?"

"Nawa ka ji an ce?"

"Ba za su gaza arba'in ba."

"Arba'in ɗin ne cif."

"Malami ne ko mayaƙi?"

"Da safe malami, da yamma mayaƙi."

Na zuba wa idon Cindo ido. Wallahi ko sau ɗaya bai ƙifta ba. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Malam Shitu na tambaya yana ba kansa amsa, Cindo na gyaɗa kai, har Talha ya gina rijiya bakwai, ya kashe zaki, ya ƙi karɓar sarauta sau biyu saboda tsoron Allah.

Sannan Cindo ya shiga gida ya fito da wani guntun ƙarfe mai tsatsa, naɗe cikin tsumma. Ya ce abin da ya rage ke nan daga takobin Talha. Ni dai bakin garmar shanu na gani. Na dubi mutumin da ya yi shekara talatin da biyar yana koya wa manoma yadda ake riƙe garma, na ga ya karɓa da hannu biyu yana share ƙwalla.

"Malam," na ce, "wannan kamar..."

"Awaisu, kai direba ne a tafiyar nan."

Daga nan aka kai mu kabarin Talha, wani tudun ƙasa a bayan gona, wanda duk mai ido zai ce tsohon suri ne. Malam Shitu ya tuɓe takalmi ya durƙusa. Bai kai ƙarshen addu'a ba cinnaku suka samu hanya ta ƙafar wando. Ya daure, ya ƙara daurewa, sannan ya miƙe ya yi wata irin rawa da ban taɓa ganin dattijo ya yi ba. Masu ɗaurin masara suka tsaya kallo. Da ya samu kansa ya ce wannan alama ce, manyan mutane ba a kusantar su haka kawai.

A hanyar dawowa, a tsaye ya yi rabin tafiyar bisa babur, yana mini bayani ta bayan kunne. Takarda ba ta isa ba, in ji shi. Takarda tana yagewa, kuma Alhaji Mahadi zai iya cewa bai zo da tabarau ba. A jikin babbar rigar da zai sa ranar suna zai ɗinka salsalar gaba ɗaya, da hannunsa, a baya inda ya fi fili.

Hansai ta ce, "Ba a fafe gora ranar tafiya, Malam. Hula ɗaya ta gagare ka shekara huɗu."

"Hula ƙaramin aiki ce, shi ya sa ba ta jan hankalina."

Ya kwashe mata zare ja da kore da ta tanada don zanen goyo, ya baje farar shaddarsa a zaure, ya zana itacen salsala da biro, ya bi da allura. Asabar, Lahadi, Litinin. 'Yan barka na wucewa ta gefensa, yana amsa gaisuwa da zare a baki. Ran Lahadi ya gano ya haɗe gaban rigar da bayanta tun daga wuya har ƙugu, aka warware. Ran Litinin yatsunsa huɗu na naɗe da tsumma. TALHA dai ya fito da jan zare, manya-manyan baƙaƙe daga kafaɗa zuwa kafaɗa. Ƙarƙashinsa Tsoho, ƙarƙashin Tsoho wani Tsoho, sannan Ummaru. Da yake ya yi wa na sama wadaƙa da fili, sauran dangi sai inda hali ya yi.

Da la'asar ɗin Litinin Hansai ta fito zaure da jaririn a hannu.

"Malam, yau kwana shida. Ko sau ɗaya ba ka ɗauki yaron nan ba. Suwaiba har ta tambaye ni ko wani laifi ta yi maka."

Ya ɗaga kai ya leƙa fuskar yaron, na ga kamar zai miƙa hannu. Sai ya dubi allurar.

"Bari in ƙarasa reshen nan. Ai duk dominsa nake yi."

Ta juya ta koma ciki. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma na ji tausayinsa, don na san yana son yaron. Matattu ne kawai suka fi ba shi sha'awa, da yake su ba sa musa masa.

Talata da hantsi ƙofar gida ta cika. An shimfiɗa tabarmi har bakin kwata, ana rabon goro da dabino. Alhaji Mahadi ya iso da mota cike da mutanen Funtua. Cindo ya zo ya zauna can ƙarshen tabarma kamar baƙo. Malam Shitu ya fito yana tafiya a kaikaice, bayansa na bin bango, don kada a ga aiki kafin lokaci. Ya raɗa wa liman suna. Aka yi addu'a, aka shafa, maroƙi ya ɗaga murya ya ce yaro ya ci sunan Talha. Mahauci ya kwantar da rago ya yanka.

Sai Malam Shitu ya miƙe, ya yi gyaran murya, ya juya wa jama'a baya.

Haka ya yi jawabin gaba ɗaya, yana fuskantar katanga. Ni aka ba karan dawa in riƙa nuni, don shi ba ya ganin abin da yake karantarwa. Ya kawo Talha daga gabas, dawakin sun zama saba'in. In ya ce "wannan da kuke gani", sai in dangwala kara inda na ga dama.

Ban ankara ba dangi suka taso. Kowa na neman sunansa. Aka kewaye shi ana jujjuya shi kamar ragon da ake tayawa a kasuwa.

"Yaya, ina reshenmu?" in ji ƙanensa.

"Yana nan. Duba da kyau."

"Ban gani ba."

"Ɗaga hannunka, Malam," in ji wani. Ya ɗaga. Aka sami ƙanen da 'ya'yansa shida a hammata.

"Mu a nan ka ajiye mu?"

"Wuri ne mai sirri, ba kowa ake kai wa can ba."

Zaharaddeen ya tambayi nasa sunan. Na duba, na ga inda ya faɗa, daidai wurin da ke fara taɓa tabarma in an zauna. Na ce masa yana nan lafiya lau, amma ba zan nuna da kara ba.

Duk da haka, sai da Malam Shitu ya ɗanɗani abin da ya nema. Alhaji Mahadi ya taso, ya sa tabarau, ya karanta kafaɗun nan a hankali, ya ce, "Ikon Allah. Ashe gida muka shiga ba mu sani ba." Ta baya ma ana ganin yadda Malam Shitu ya kumbura. Da ya tsaya nan, da ya ci riba. Sai ya ce a kawo takobi.

Aka warware tsumma. Wani dattijo cikin mutanen Funtua ya karɓa, ya juya, ya ƙwanƙwasa da farce.

"Wannan ai bakin garma ne. Ga ma ramin ƙusa."

"Da ma garma daga takobi aka kwaikwayo ta," in ji Malam Shitu, yana fuskantar katanga. "Sai wanda ya yi karatu ya san haka."

A lokacin ne Cindo ya miƙe. Ya gyara hula, ya yi sallama ga jama'a, ya gaida liman, murya na rawa kamar mai shirin kuka.

"Jama'a, ku taya ni godiya. 'Ya'yana tara, jikoki goma sha huɗu, ba wanda ya taɓa tunawa ya yi mini takwara. Sai yau, bawan gidanmu ya fitar da ni kunya."

Malam Shitu ya juyo, karo na farko. "Wane takwara? Kai ba Cindo ba ne?"

"Cindo yatsa ne, Shitu." Ya ɗaga hannun da aka haife shi da yatsa shida. "Ka taɓa jin an yanka rago an ce Cindo?"

Ya zaro katin zaɓe daga aljihu ya miƙa wa liman. Liman ya duba, ya duba Cindo, ya sake duba kati, ya miƙa wa na kusa da shi. Kati ya zagaya tabarma hannu zuwa hannu. Duk wanda ya karanta sai ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa su fara rawa.

"Talha ne," in ji Sarkin Aska daga inda yake wasa askarsa. "Sunan kakansa na wajen uba aka mayar, shi ya sa uwarsa ba ta taɓa faɗa ba. Ina wurin."

"To dawakin fa?" in ji Alhaji Mahadi.

"Kai ka kawo su, Shitu, ni ban ƙara ko ɗaya ba," in ji Cindo, yana duban taubashinsa. "Ni dai abin da na sani, shekara sittin ina ce maka ni ne ubangidanka kana musu. Yau ga shi ka goya ni a baya, da zarenka, da allurarka, ka kuma tara mutanen gari biyu su shaida."

Wurin ya fashe. Har mahauci sai da ya ajiye wuƙa. Daga cikin gida aka ji guɗa, wadda har yau Hansai ke rantsuwa ba ita ta yi ba. Malam Shitu ya kama wuyan riga zai tuɓe, ya tuna singileti ce kawai a ciki, ya saki. Ya ja da baya ya manna bayansa da katanga.

"Allah gafarta Malam," ya ce da liman, murya ƙasa-ƙasa, "tun da ba a gama feɗe ragon ba, ana iya canzawa?"

"Ana iyawa. Suna ne mai kyau dai, sunan sahabi. Amma in uban yaro ya yarda, sai a sake."

Alhaji Mahadi ya yi gyaran murya, ya gyara zaman hularsa, ya matso gaba kaɗan. Zaharaddeen ya dubi ƙasa ya ce, "Baba, ka san alkawarin da aka yi. In ba wannan ba, to wancan."

Gaba kura, baya sayaki. Malam Shitu ya dubi Alhaji Mahadi da kakanninsa tara. Ya dubi Cindo da yatsunsa shida.

"A bar shi," ya ce. Sannan ya ɗaga murya don mutanen Funtua su ji. "Da ma na sani. Gwada shi nake yi, in ga ko zai faɗi gaskiya a gaban mutane."

"Na kuwa faɗa," in ji Cindo. "Yanzu wuce gaba ka kai ni in ga takwarana. Ka ɗauko mini shi da kanka."

Haka aka yi. Ranar ce Malam Shitu ya fara ɗaukar jikansa, ya miƙa wa Cindo.

Yaro yanzu shekararsa uku, lafiyayye, mai ƙiriniya, kuma kakansa ba ya iya yini bai gan shi ba. Cindo kuwa bai taɓa fashin zuwa duk Juma'a ba, tun daga Maska, ya ce hakkin takwara ne. Ya zauna a zaure, a kawo masa tuwo da nama. In yaro ya nufi bakin titi, Malam Shitu ya manta ya ƙwala kira, "Talha! Zo nan!", mutum biyu ke amsawa, kuma babban ya fi sauri.

"Na'am, bawana. Mi za ka kawo mini?"